Abin da ke bayan «ƙurunƙus»: nazarin wasan Into the Woods

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe mai suna Into the Woods, wanda James Lapine ya tsara labarinsa, Stephen Sondheim kuma ya yi waƙoƙi da kiɗa. An fara nuna shi a San Diego ta Amurka a 1986, sannan a Broadway a 1987.

Wasan ya haɗa tatsuniyoyi huɗu na Turai cikin daji guda: Cendrillon da Petit Chaperon rouge, waɗanda ƴan lakkol na Nijar suka sani, da Rapunzel, da yaro Jack mai itacen wake. An ƙara musu mai gashin burodi da matarsa, waɗanda mayya ta hana su haihuwa. A kashi na farko kowa ya sami biyan bukata. A na biyu sai matar ƙaton da Jack ya yi wa sata kuma ya kashe ta sauko ɗaukar fansa.

A ganinmu, ƙarfin wasan yana nan. Mai gatana a Maradi ko Tibiri, in ya ce «ƙurunƙus», magana ta ƙare. Gizo ya cuci Kura, an yi dariya, ba mai tambayar halin da iyalinta suka shiga. Lapine ya tsallake wannan iyaka: ƴan wasa suka kama mai ba da labarin kansa suka miƙa shi ga matar ƙaton, ta halaka shi. Daga nan ba sauran mai ikon rufe zance, alhaki ya koma kan kowa.

Ta fuskar harshe, kalma guda ta Ingilishi ce ke ɗauke da wasan, wadda Faransanci kan fassara da «souhait». Hausa kuwa ta rarrabe fata da buri da kwaɗayi. Duk mai son fassara wasan sai ya zaɓi ɗaya, zaɓin nan kuwa hukunci ne a kan ɗan wasa, alhali marubutan sun jinkirta hukunci har kashi na biyu.

Rauninsa shi ne waƙoƙin ƙarshe sun koma wa'azi, sun faɗi darasin ɓaro-ɓaro. Ƙungiyoyinmu masu wasannin wayar da kai sun san wannan tarko. Abin koyi gare su shi ne tambayar da kashi na biyu ya yi: wa ya biya kuɗin sa'ar gwarzon tatsuniya?