Makon bayan jarrabawa, da kwamfutar da yaro bai taɓa ba

Duk mai ɗa a firamare a Bukan Sidi da ke Lafiya ya san makon nan da ke tsakanin gama jarrabawa da ranar hutu. Malamai sun duƙufa kan haɗa maki da cike katin sakamako, yara kuwa an sake su: shara da safe, guje-guje har azahar, sai kuma karo-karon walimar ƙarshen zango. A 'yan shekarun nan wasu makarantun kuɗi a Lafiya sun fara cike wannan gurbi da darasin kwamfuta na musamman. A fito da kwamfuta biyu ko uku, a jera yara cikin wankakken yunifom, a ɗauki hoto, kafin la'asar ya isa zauren WhatsApp na iyaye.

Ina tare da masu wannan dabara a kan zaɓen lokacin. Inda muka raba hanya shi ne abin da ake yi da shi.

Duk tsawon zango, hadda ake yi da sunan kwamfuta. Malam ya zana ta a allo, ya rubuta sunayen sassanta, yara su rera a bayansa. Yaro ya ci maki mai kyau a takarda, alhali bai san nauyin linzamin kwamfuta a tafin hannunsa ba. Ba na ganin laifin malamin sosai: manhajar hukumar NERDC ta ce a koyar, jarrabawar a takarda ake yinta, wuta kuma sai ta ga dama. Amma a makon ƙarshe babu maki, babu tsoron faɗuwa. Yaro zai iya danna abin da bai dace ba, komai ya ɓace, ya sake daga farko. Da haka ake koyon na'ura, kuma wannan ne kaɗai makon da makaranta ke da sararin barin yaro ya yi kuskure.

Abin ba ado ba ne. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. Ɗan Bukan Sidi da ke burin shiga Jami'ar Tarayya ta Lafiya, da ke nan cikin garinsu, sai ya bi ta wannan ƙofa. Wanda ya fara kama linzami a ɗakin jarrabawa, hannu na rawa, agogo na tafiya, ya yi asarar maki tun kafin ya karanta tambaya.

Masu cewa sai an raba wa kowane yaro tasa kwamfutar su tuna firamaren Galadima da ke Abuja, inda a 2007 aka gwada wani shiri na kowane yaro da kwamfutarsa. Na'urorin sun iso. Wutar caji, da mai gyara idan ta lalace, da horon malami, a nan aka sha wuya, shirin kuma bai yaɗu ba. Kwamfuta ɗaya mai cikakken caji ta isa aji guda a kwana biyar, idan an tsara layi. Kowa ya zauna, ya rubuta sunansa da na unguwarsu, ya adana, gobe ya nemo da kansa. 'Yan aji biyar da shida a ba su Scratch, manhajar da jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007. Kyauta ce, kuma akwai wadda ba ta buƙatar intanet.

Masu jiran layi ma ba sai sun zauna haka nan ba. A sa ɗaya ya faɗi yadda ake dama kunun gyaɗa mataki-mataki, wani ya bi umarnin ba ƙari ba ragi. Idan ya manta cewa a kunna wuta, kunu ba zai dahu ba, aji ya kwashe da dariya. Tushen rubuta manhaja ke nan, ba sisi ba kwabo.

Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya shi ne 'yan mata. Da zarar an buɗe na'ura sai maza biyu ko uku masu baki, waɗanda galibi akwai ta a gidansu, su mamaye kujerar. 'Yan matan su tsaya a baya suna leƙe ta kafaɗa, malam kuma ya ji daɗi don aiki na tafiya da sauri. Alhali kuɗin kwamfutar da ake sakawa a takardar kuɗin makaranta, uban yarinyar ma ya biya, daidai da na kowa. A taron iyaye da malamai na gaba, ya kamata wani ya miƙe ya nemi a nuna masa jerin sunayen yaran da suka zauna a kujerar, da mintin da kowa ya samu.