Zumunta da aure a tsakanin iskokin bori na Arewa: sharhi a kan fassarar wasu kalmomi

0. Gabatarwa

Tun daga littafin Tremearne na 1914, manazarta ke ɗaukar iskokin bori a matsayin al'umma mai gidaje da sarauta da aure. Besmer (1983) ya tsara iskokin Kano cikin gidaje 12 na birnin Jangare. Échard (1989) ta bi na Adar da Kurfai. Masquelier (2001) ta yi aiki a Dogon Dutsi. Ba mu musun amfanin waɗannan ayyuka. Abin da ya dame mu shi ne yadda ɗalibanmu ke kwasar jadawalin dangantakar iskoki su ɗora wa Arewa, ba tare da sun auna kalmomin da aka gina jadawalin da su ba. Za mu duba uku daga ciki.

1. Wasa

Idan aka fassara wasan bori da « jeu », mai karatu zai zaci ƙage ne na nishaɗi. Amma kalmar wasa a nan tana nufin taro mai ƙa'ida, inda mai goge ke kiran iskoki rukuni-rukuni, kowane da taken kansa. A ganinmu, a wannan fili ne zumuntar iskoki ke aiki: ita ke faɗin wa za a kira bayan wa. Wanda ya cire ta daga fili ya zana ta a takarda ya raba ta da aikinta.

2. Ɗa

A Hausa, ɗan wa da ɗan ƙane da ɗan riƙo duk ɗa ne, alhali « fils » ta fi ƙunci. Saboda haka, idan ƴan bori biyu suka ba iska guda uba daban-daban, ba dole ne ɗayansu ya yi kuskure ba: mai yiwuwa wannan mahaifi yake nufi, wancan mariƙi. Mai nazarin da ya zaɓi amsa guda don jadawalinsa ya tsaya daidai, ya share shaidar da ta fi muhimmanci.

3. Doki da goɗiya

Waɗannan sunaye jinsin mutumin da aka hau suke bi, ba na iskar ba. Iska mace, kamar Mariya, wadda aka sani da karuwanci da son zaƙi, na iya hawa namiji. Wanda ya karanta hawa da ma'anar « mariage », ya ɗauki iska miji, mutum mata, zai rasa inda zai sa wannan misali. Aikatau hau daga fagen sukuwa ya fito, kuma iko yake nunawa.

4. Kammalawa

Al'ummar iskoki ba ta tsaya cik ba. Babule, masu kamannin sojan Faransa, sun biyo bayan Hauka da ta ɓulla a Kurfai a 1925, kuma sai da aka nema musu gurbi cikin tsarin. Jadawalin Kano na 1983 ba zai iya zama ma'aunin Lugu ko Bagaji ba. Muna ba da shawarar duk mai tattara bayani a Arewa ya rubuta kalmar Hausa yadda aka furta ta, da garin mai maganar, da shekarar, sannan fassara ta biyo baya. In ba haka ba, nan gaba zumuntar da mafassara suka ƙulla wa iskoki za mu riƙa koyarwa.