Sholay A Idon Masu Kallon Yanzu

A cikin 1975 Ramesh Sippy ya fito da fim ɗin Sholay a ƙasar Indiya. Labari ne na wani ɗan fashi, Gabbar Singh, wanda ya kafa sansani cikin duwatsu, yana aika mahayansa su karɓi hatsi a ƙauyen Ramgarh. Waɗanda suka gan shi a gidajen silima na Kano a zamanin nan abin nishaɗi suka ɗauke shi, har samari na kwaikwayon tafiyar Gabbar da dariyarsa. Fashi irin wannan a wurinsu al'amarin wata ƙasa ne mai nisa.

Yaran yanzu da ke kallonsa a waya sukan yi wa dawakan da tsofaffin bindigogin dariya. Suna da gaskiya, gama faɗan ya tsufa, fim ɗin kuma ya haura sa'a uku. Amma mutumin Riruwai ko Doguwa, wanda ya san shekarun da ɓarayin shanu da masu satar mutane suka hana matafiya sakewa a dajin Falgore, ba dawaki yake duba ba. Idan aka zo inda talakawa ke fito da buhuna suna ajiyewa gaban 'yan fashi, sai ya yi tsit, domin ya ji labarin ƙauyukan Zamfara da aka ɗora wa irin wannan haraji. Haka kuma inda Gabbar ya kashe Ahmed, ɗan makahon limami, ya aza gawar bisa doki ya koro ta gari. Nan ne gwanintar Sippy take, watau ya nuna yadda tsoro ke raba kan jama'a, har wasu suka nemi a miƙa masu kare su a huta.

Inda fim ɗin ya gaza shi ne wajen magani. Thakur, tsohon ɗan sanda, ɓarayi biyu ya ɗauko haya, Jai da Veeru, aka kuwa yi sa'a suka zama mutanen kirki. A da tafi ake yi musu. Wanda ya ga yadda aikin 'yan sa-kai ya rikiɗe ya zama ramuwar gayya a wasu wurare, lalle ya tambaya wa zai karɓe bindigar bayan an gama. Fim ɗin bai amsa ba. Ko 'yan sandan da suka zo kama Gabbar a ƙarshe, hukumar tace fina-finai ta Indiya ce ta sa aka ƙara su, da can Thakur ne ya kashe shi.