Juyi da Zamiya: Inda Ake Gane Mahayi a Hawan Fanisau

Fanisau, a ƙaramar hukumar Ungogo, gari ne da aka kafa darajarsa a kan doki. Sarkin Kano Ibrahim Dabo, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846, ya mai da shi ribaɗi domin tare hare-haren abokin gabansa Ɗan Tunku daga arewa, kuma a nan Baturen Birtaniya Clapperton ya iske sarkin a 1824. A al'adance Hawan Fanisau ne ke rufe hawan Babbar Sallah, bayan Hawan Daushe da na Nassarawa. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin al'adun gado na duniya.

'Yan kallo kan yi sowa ne idan an saki dawakai a sukuwa. Amma tsofaffin mahaya da masu kula da barga ba nan suke zuba ido ba. Su dai jira suke doki ya iso ƙarshen fage, su ga yadda za a zame shi a juya shi. Gudu halin doki ne, ko ba a koya masa ba zai yi. Tsayawa da juyawa kuwa sai da horo, kuma asalinsu yaƙi ne: barden da bai iya karkata dokinsa bayan ya kai sara ba, ya bai wa abokin gaba bayansa. Jahin da ake yi a gaban sarki gwajin wannan ƙwarewa ne.

Dalilin wahalar juyi yana cikin halittar dabbar. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki a ƙafafunsa na gaba yake, kuma gudu na ƙara tura shi can. Idan aka fizgi kansa a haka, sai ya yi tuntuɓe ko ya zame ta gefe. Shi ya sa gwani yake fara nutsewa cikin sirdi, ya danna dugadugansa a likkafa, har doki ya tattaro ƙafafun baya ƙarƙashin cikinsa, gabansa ya yi sauƙi. Sannan ya kalli inda ya nufa, kafaɗunsa su bi idonsa, ya matsa da ƙafar waje. Linzami shi ne na ƙarshe, kuma taɓi kaɗan ya isa.

Wannan ƙa'ida ba a kan doki kawai take ba. Masu hawan igiyar ruwa a Hawai, da matasan Tarkwa Bay a Legas, idan suna kan dogon allon nan da ke kai ƙafa 9, ba sa iya juya shi daga tsakiya. Sai mahayin ya ja da baya ya taka wutsiyar allon, goshin allon ya ɗaga daga ruwa, sannan ya karkata shi da kallo da ƙugu. Abu mai tsawo da nauyi daga baya ake sarrafa shi.

Abin da ke damuna shi ne yadda linzami yake neman maye gurbin horo. Linzaminmu na gargajiya mai kaifi ne. A hannun gwani ishara ce, a hannun ɗan koyo kuwa azaba. Yau saurayi kan yi hayar doki don kilisa ko hawan angwanci, ya hau kwalta mai santsi, ya yi ta fizga har bakin dabbar ya yi jini. Dokin da aka saba wa haka bakinsa kan mutu, ya daina jin umarni, ranar taro kuma ya afka cikin jama'a.

A da yaro kan fara ne daga turke: ya ba da harawa da dusa, ya yi sharar barga, ya kai doki shan ruwa da ragama kawai, ba sirdi. Kafin a miƙa masa linzami, cinyoyinsa sun riga sun iya magana da doki. Ungogo na da abin da wannan koyo ke buƙata, wato gonakin da ke zama fili bayan kaka, ƙasa mai taushi, da dattawan da suka gaji sana'ar. Ya kamata hakimai da dagatai su haɗa matasa da waɗannan dattawa tun da rani, kuma kada a bar kowa ya shiga ayarin Fanisau sai ya nuna zai iya tsayar da dokinsa ya juya shi ba tare da ya fasa masa baki ba.