Kalmar "Overtake": Riska ce ko Wucewa?

Daga cikin kalmomin Ingilishi da ke ɗana wa masu fassara tarko akwai "overtake". Da yake a bakin direbobi aka fi jin ta, mai fassara da ya ci karo da ita yakan ce "sha gaba", ya wuce abinsa. Manufar wannan ɗan sharhi ita ce a nuna cewa wannan gaggawa tana zubar da rabin ma'anar kalmar.

A fagen tuƙi, kalmar ta ƙunshi aiki biyu a jere, wato mota ta cim ma wadda ke gabanta, sa'an nan ta ratse ta wuce ta, alhali dukkansu waje guda suka nufa. A Ingila, inda ake tuƙi ta hannun hagu, littafin ƙa'idojin hanya, wanda aka fara bugawa a 1931, ya umarci direba ya sha gaba ta dama. Wanda ya kutsa ta hagu kuwa sukan ce ya yi "undertake", kuma da yake "undertaker" shi ne mai sana'ar shirya jana'iza, gargaɗin bai ɓuya ba. Amma Amurkawa "pass" suka fi cewa.

Sai dai kalmar ta girmi mota da ƙarnuka. Ma'anarta ta asali ita ce kamo wanda ya yi gaba, domin "take" ɗin da ke cikinta kamawa yake nufi. Wannan ma'ana tana nan da ranta. Alal misali:

(1) Night overtook the travellers.
(2) Grief overtook her.

A jumla ta (1) dare ne ya riski matafiya, a ta (2) kuwa baƙin ciki ne ya lulluɓe ta. Wanda ya ce dare ya wuce matafiya ya juya zancen, domin mai sauraro zai ɗauka gari ya waye.

Akwai kuma ma'ana ta uku, ta tsere, wadda 'yan jarida suka fi so. Da ita aka ba da labarin yadda tattalin arzikin Sin ya zarce na Japan a 2010, da yadda Indiya ta zarce Sin a yawan jama'a a 2023. A nan "zarce" da "sha gaba" duk sun dace.

Ashe ke nan abin da Bature ya ƙunshe a kalma guda, Bahaushe ya rarraba shi tsakanin cim ma, da riska, da sha gaba, da zarcewa. Saboda haka wajibi ne mai fassara ya tambayi kansa: abin da ya biyo bayan nan, wucewa ya yi, ko kuwa sauka ya yi a kan mai tafiya? Wanda bai tsaya ya yi wannan tambaya ba, to, ya tuna sauri kan haifi nawa.