Ceto, Tsarki da Aikin Allah: Tsokaci kan Littafin Barbara Cooper game da Kiristocin Maraɗi

1. Gabatarwa

Littafin da za mu yi tsokaci a kansa a wannan takarda shi ne Evangelical Christians in the Muslim Sahel na Barbara M. Cooper, wanda maɗaba'ar Jami'ar Indiyana ta Amurka ta buga a 2006, ya kuma ci kyautar Herskovits a 2007. Littafin tarihi ne da aka rubuta da Ingilishi, yana bin diddigin Kiristocin Hausawa na jihar Maraɗi da zamansu da mishan ɗin SIM. Marubuciyar ba baƙuwa ba ce a wurin, domin tun 1997 ta fitar da littafi kan aure a Maraɗi. Nauyin aikin yana kan garin Maraɗi da Tsibiri, inda David Osborne ya kafa tashar mishan a 1927, bayan wadda aka buɗe a Damagaram a 1924.

Ba za mu bi littafin babi-babi ba. Abin da ya shafe mu, mu da harshe ne fagenmu, shi ne kalmomi uku da koyarwar wannan mishan ta ɗoru a kansu, wato abin da ake kira da Faransanci salut, sanctification da service. Jerin nan yana da tarihi. Rowland Bingham, ɗaya daga cikin mutum uku da suka kafa SIM a 1893, mabiyi ne na tafarkin taron Keswick da aka fara a Ingila a 1875, har ma shi ya kafa irinsa a Kanada a 1924. A wannan tafarki ana fara wa'azi da zunubi da kuɓuta daga gare shi, a wuce ga miƙa kai da cika da Ruhu, a ƙare da kira zuwa hidima. Mutum ya sami ceto, a tsarkake shi, sannan ya zama abin amfani a hannun Allah. Wannan ne kayan da aka kawo kwarin Gulbin Maraɗi, kuma da Hausa aka sauke shi.

Cooper ta keɓe babi na 4 ga kalmomin addini na Hausa, ta keɓe babi na 6 ga horon ikilisiya da ma'anar aikin Allah tsakanin 1933 da 1955. A ganinmu waɗannan babi biyu zance ɗaya ne, kuma raba su da aka yi ya sa mai karatu bai ga yadda ma'anar kalma ta koma rigimar albashi ba. Wannan shi ne babban sukarmu, shi ne kuma za mu yi ƙoƙarin bayyanawa.

2. Kalmomin da aka tarar da masu su

Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, da hannun Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, aka sake fassara shi wajen 1980. Amma aikin ya girmi haka nesa. J. F. Schön ya fara shi tun tsakiyar ƙarni na 19, kuma bakin da ya fi dogara da shi na Dorugu ne, yaron Dambanas ta ƙasar Kance wanda Barth ya kai Ingila a 1855. Ke nan Hausar yankin da Hawandawaki take maƙwabtaka da shi tana cikin tushen Hausar Kirista tun kafin wani ɗan mishan ya taka ƙasar. Duk waɗannan masu fassara sun tarar da harshe wanda Musulunci ya daɗe da zama a cikinsa. A kan suna wasunsu sun iya kaucewa, suka ce Yesu inda Musulmi ke cewa Isa. A kan sauran kalmomin ba su da wannan dama.

Mu fara da ceto. Ta fuskar nahawu zaɓin ya yi daidai. Ceta aikatau ne so-karɓau na aji na 2 a tsarin Parsons, dole a sami mai yi da wanda aka yi wa, alhali tsira ƙi-karɓau ne: mutum ya tsira, ba a faɗi wanda ya fid da shi ba. Koyarwar da ke cewa ɗan Adam ba ya iya fid da kansa tana buƙatar na farkon. Sai dai a bakin Musulmin Hausa ceto ya riga ya zama fassarar shafa'a, wato roƙon da Annabi zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama, kuma waƙoƙin bege cike suke da wannan ma'ana. Ceto abu ne na gobe, ana fatansa, ba a tabbatar wa kai shi. Idan mai wa'azi ya tsaya a kasuwar ƙauye irin ta Hawandawaki ya ce shi ya riga ya sami ceto, abin da manomi Musulmi zai ji shi ne mutum yana faɗin sakamakon hisabi tun ba a yi ba. Saɓanin yana cikin lokacin aikatau, shuɗaɗɗe ko mai zuwa, tun kafin a zo ga maganar wane ne Mai Ceto.

Tsarki ya fi wuya, kuma nan ne muka so marubuciyar ta daɗe. Faransanci yana da saint yana da pur, Girkancin Sabon Alkawari ma ya raba su. Hausa saiwa ɗaya gare ta: Ruhu Mai Tsarki, Littafi Mai Tsarki, tsarkakewa, tsarkaka. Wannan saiwa kuwa ita ce yaro ke fara haɗuwa da ita a makarantar zaure, domin babin tsarki yana cikin abubuwan farko na Ahalari da Ishmawi da Risala. A maganar yau da kullum, idan aka ce wani ya tafi yin tsarki, buta ce a hannunsa. Tsarki a wannan ma'ana hali ne na jiki, yana da sharuɗɗa sanannu, yana karyewa, ana sake shi da ruwa ko da ƙasa. Ba mu ce ma'anar zuci babu ita ba. Ƴan ɗariƙar Ƙadiriyya da Tijjaniyya sun daɗe suna maganar tsarkake zuciya. Amma ma'anar da ta fi kusa da kunnen talaka ita ce ta fiƙihu.

Abin lura shi ne yadda rayuwar ikilisiya ta karkata zuwa ga wannan ma'ana, ko da yake wa'azin yana musunta ta. A kan mumbari ana cewa tsarki aikin Ruhu ne a cikin zuciya, ba ruwa ke kawo shi ba. A zaman dattawa kuwa, irin wanda Cooper ta bayyana a Tsibiri, tsarki ya koma abin da ake iya dubawa da ido: mace nawa, yaya aka ɗaura auren, an sha giya ko ba a sha ba. Wanda ya faɗi a sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi Jibin Ubangiji na wani lokaci, ya tuba a maido shi. Tsarki ne mai karyewa da sabuntawa, da masu hukunci a kansa. Marubuciyar ta karanta wannan a matsayin iko da tarbiyya irin na mishan, kuma ba ta yi kuskure ba. Mu dai muna ƙarawa da cewa kalmar da kanta ta share wa wannan tsari hanya, domin dattawan da aka ba riƙon tsarki sun tashi ne cikin duniyar da malami da alƙali ke faɗin abin da ke karya shi.

Akwai kuma wuri guda da ma'anonin biyu suka haɗu a jikin mutum. A 1956 SIM ta buɗe asibitin kutare a Danja, kudu da Maraɗi, bayan na Galmi da aka buɗe a 1950. A cikin Linjila, aikatau da ake amfani da shi ga warkar da kuturu shi ne tsarkake. Majinyacin Danja da aka karanta wa wannan labari ba ya buƙatar sharhi.

3. Bara da ubangidansa

Mataki na uku shi ne amfani. Ayar da masu wannan koyarwa suka fi jingina da ita tana cikin wasiƙar Bulus ta biyu zuwa ga Timoti, sura 2, aya 20 da 21, inda aka kwatanta masu bi da kayan babban gida, wasu na zinariya da azurfa, wasu na itace da yumɓu, kuma wanda ya tsabtace kansa shi ne maigida zai mora. Ga Baturen Kanada ko Amurka na ƙarni na 20 wannan misali ne kawai. Ga Bahaushen Maraɗi kuwa bayanin zaman da ya sani ne.

Emmanuel Grégoire, a littafinsa na 1986 kan alhazan Maraɗi, ya nuna yadda fatauci ke tafiya kan dangantakar ubangida da bara. Bara yana ba da ƙarfinsa da biyayyarsa ba tare da an yanka masa albashi ba, amma ubangida ya ɗauki cinsa da suturarsa, ya yi masa aure, in ya ga ya isa ya ba shi jari. Guy Nicolas kuma, wanda ya yi shekaru yana nazarin wannan kwari, ya nuna a littafinsa kan kyauta, shi ma na 1986, cewa abin da aka ba ka a biki bashi ne da za ka mayar. Cikin wannan duniya aka shigo da kalmar alheri don fassara grâce, wato baiwar da ba a cancanta ba kuma ba a iya ramawa. Hausawa kuwa cewa suke alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wanda ya karɓi alheri ya shiga ɗawainiya, wanda ya yi hidima kuma ya ɗora ɗawainiya a kan wanda ya yi wa.

To, wa ke biyan wannan ɗawainiya idan ubangidan Allah ne? SIM tana cikin mishan da ake kira na bangaskiya: ɗan mishan ba shi da tabbataccen albashi, yana dogara da abin da ikilisiyoyin ƙasarsu suka aiko. Da wannan hujja ake iya ce wa mai bishara ɗan ƙasa ya yi noma ya ci da kansa, ya yi wa'azi don Allah. Sai dai shi mai bisharar yana da ido. Yana ganin wanda ke gaya masa haka yana da gida da magani da hutun zuwa ƙasarsu, yana kuma ganin kuku da magini na tashar ana biyansu. Babi na 6 ya kawo ja-in-jar da aka yi kan abin da za a kira aikin Allah da wanda ya cancanci yin sa. Abin da fassara zuwa Ingilishi ke ɓoyewa shi ne cewa Hausa tana da kalma ɗaya, lada, ga sakamakon lahira da kuma abin da ake ba wanda ya yi maka aiki. Mutum biyu suna iya yarda cewa aikin Allah yana da lada, su rabu kowa da abin da ya ji. Ɗan mishan ya tafi da cewa ya koyar da sadaukarwa. Mai bishara ya tafi da cewa ya yi ubangidan da bai san hakkin bara ba, irin mai cin moriyar ganga ya ya da kwaurenta.

Makaranta ta ƙara wa abin nauyi, kuma babi na 8 yana cikin mafi kyau a littafin. Mishan ta daɗe tana koyarwa da Hausa, domin burinta mai bi ya karanta Littafi Mai Tsarki ya kai bishara ƙauye. Mulkin Faransa kuwa takardar shaidar Faransanci kaɗai ya sani. Da aka sami ƴancin kai a 1960, lokacin da ikilisiyar ƴan ƙasa ta EERN ke tsayawa da ƙafarta, mutanen da aka shirya su zama masu amfani ga aikin Allah sun tarar ilminsu ba ya buɗe ƙofar ofis. Mu da muke goyon bayan koyarwa da harsunan ƙasa tun makarantar gwaji ta Damagaram ta 1973, wannan babi bai kamata ya yi mana daɗin karatu ba. Ya nuna cewa harshen uwa yana iya zama shinge idan wanda ya zaɓa maka shi ƴaƴansa da wani harshe suke karatu.

Misali na ƙarshe da za mu kawo ya fito ne daga zamanin da babi na 10 ya shafa. Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya ma'aikacin SIM a Maraɗi, ya lura a 1983 cewa ƴan tsiron da manoma ke sarewa kowace shekara wajen sassabe kututturan itatuwa ne masu rai, in aka rage rassan aka bar ƴan kaɗan za su koma itace. Dabarar, wadda aka fi sani da sassabin zamani, ta bazu a jihohin Maraɗi da Damagaram, har ana ƙiyasta ta shafi kadada miliyan 5, kuma akasarin waɗanda suka ɗauke ta Musulmi ne da ba a nemi su bi ta matakin ceto ko na tsarki ba. Yadda ta fara bazuwa shi ne abin da ya shafi zancenmu. A yunwar 1984, wadda mutanen Maraɗi ke kira El-Buhari, mishan ta raba hatsi bisa sharaɗin manomi ya bar tsiron a gonarsa. Wannan karon an faɗi aikin, an faɗi ladan, kuma da tiya aka auna shi. Da rabon ya ƙare, manoma da yawa suka sare itatuwan, domin a lissafinsu ciniki ya ƙare. Waɗanda suka bar nasu suka sami itacen girki da ganyen dabbobi, gero kuma bai ragu ba, daga gonakinsu ne maƙwabta suka sake ɗauka.