Alherin Bishop a Littafi da a Dandali

Duk wanda ya yi makarantar boko a ƙasashen da ake koyarwa da Faransanci ya san sunan Victor Hugo. A shekara ta 1862 ya fitar da babban littafinsa, Les Misérables, wato Wahalallu. A 1980 Alain Boublil da Claude-Michel Schönberg suka mai da shi wasan kwaikwayo na waƙa a birnin Paris. A 1985 aka buɗe shi da Turanci a Landan. Masu sharhi a jaridu suka kushe shi, amma jama'a suka yi ta tururuwa, har ya zama ɗaya daga cikin wasannin da suka fi daɗewa a dandalin birnin.

Ga kan labarin. Jean Valjean ya saci burodi domin 'ya'yan 'yar'uwarsa suna jin yunwa. Aka yanke masa shekara 5, yawan ƙoƙarin gudu ya mai da su 19. Da ya fito, kowa ya rufe masa ƙofa sai bishop na garin Digne, wanda ya ba shi abinci da wurin kwana. Cikin dare ya kwashe kayan azurfar gidan ya gudu. Da jandarmomi suka komo da shi, bishop ya ce kyauta ce ya yi masa, ya kuma ƙara masa alkukai biyu na azurfa. Kan wannan alheri dukan labarin ya rataya, shi ne kuma ma'aunin da ya kamata a auna wasan da shi.

Hugo ya ɓata babi 14 yana nuna halin bishop kafin Valjean ya bayyana: yadda ya bar wa asibiti babban gidansa, yadda yake rabar da albashinsa ga matalauta. Saboda haka idan ya yi gafara, mai karatu ya san inda ta fito. A dandali kuwa 'yan mintoci kaɗan aka ba shi. Wannan ba laifi ba ne ƙwarai, gama wasan awa uku ba ya iya ɗaukar littafi mai shafi fiye da 1,000.

Babbar hasarar tana wani wuri. A littafin, bayan Valjean ya bar gidan bishop, ya gamu da wani ƙaramin yaro matafiyi, Petit-Gervais. Kuɗin yaron ya faɗi ƙasa, Valjean ya taka shi da ƙafa ya hana shi. Sai da yaron ya tafi yana kuka ya gane abin da ya aikata. Ya bi daji yana kiransa bai same shi ba, ya yi kuka, karo na fari cikin shekara 19. Hugo ya san zuciyar ɗan Adam: ko an yi mata alheri, tsohon hali ba ya fita rana ɗaya. Wasan ya cire wannan duka, Valjean ya tuba cikin waƙa guda. Tuban ya zo da sauƙi fiye da yadda yake zuwa a rayuwa.

Haka kuma aka yi da Thénardier da matarsa, masu masaukin da suka bautar da yarinya Cosette. A littafin mugaye ne na gaske, har mijin ya ƙare yana cinikin bayi a Amurka. A dandali sun zama 'yan ban dariya, masu kallo suna tafa musu. Mugunta idan ta ba da dariya, ba ta ƙara ba da tsoro.

Duk da haka, akwai abin da kiɗa ya iya wanda alƙalami bai iya ba. Javert, ɗan sandan da ya yi shekaru yana farautar Valjean, mutum ne da bai san kome ba sai shari'a. A boren Paris na 1832 ya faɗa hannun Valjean, shi kuwa ya sake shi. Javert ya kasa ɗaukar nauyin wannan jinƙai, ya jefa kansa cikin kogin Sen. Schönberg ya sa shi ya yi waƙarsa ta ƙarshe da karin nan da Valjean ya yi waƙar tubansa. Kari ɗaya, mutum biyu, alheri iri ɗaya: wani ya karɓa ya rayu, wani ya ƙi ya hallaka. Kunne yakan kama wannan kafin hankali ya kai gare shi.

Don wannan kaɗai wasan ya cancanci a gan shi. Amma wanda yake so ya san tsadar tuba, sai ya koma ga littafin, ya nemi yaron nan da aka taka wa kuɗi.